Sauro da Bajimi a Hanyar Fammar

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Rabin waɗanda muka yi makaranta da su ban iya kawo sunansu yanzu, wani lokacin ma sai in shiga ɗaki in tsaya ina tunanin abin da ya kawo ni. Amma akwai wata Asabar ta tsakiyar damina da ba za ta taɓa fita daga kaina ba, ko da kuwa na so ta fita, domin mutanen Fammar kamar rantsuwa suka yi ba za su bari in manta ba. Ranar ce na gwada tsohon babur da sabo, kuma mutuncina ne ya biya kuɗin gwajin.

Bari in fara da tsohon. Ni malamin gona ne. Na shafe shekaru ina yawo a ƙauyukan Rano da Kibiya, ina koya wa manoma sa taki da feshin wake, su kuma suna koya mini haƙuri. Tun zamanin soja aka raba mana babura na shiga daji, irin masu dogayen ƙafafu da tayoyi masu haƙora. Nawa ja ne ranar da aka ba ni shi, daga baya ya koma wata kala da ba ta da suna. Mutane suka laƙaba masa Sauro, saboda siririn jikinsa da dogayen ƙafafunsa da kukan nan nasa mai shiga kunne, wanda ake jiyowa tun kana ƙauye biyu baya. In na nufi Nariya, kafin in iso mata sun gama kwashe shanyar barkononsu daga bakin hanya, kaji kuma sun haye danga.

Ba zan yi wa Sauro ƙaryar yabo ba, ba shi da kyan hali. Fetur ba ya shiga cikinsa sai an gauraya masa da baƙin mai, shi ya sa duk inda muka bi sai mu bar hayaƙi kamar ana toyin gona. Kik ɗinsa harbin jaki ne: in ka buga da sanyin jiki sai ya rama, ya dake ka a ƙwauri, har yau tabon yana nan. Wurin zamansa kamar allo, fitilarsa kamar aci-balbal. In na hau shi daga Rano zuwa Kano, sai in sauka hannuwana na karkarwa, in kasa riƙe kofin shayi. Amma abu ɗaya ne, bai taɓa kwana da ni a daji ba. In ya mutu, ɗayan uku ne: ko filogi ya yi baƙi, ko mai ya ƙare, ko datti ya shiga kafireto. Da sifana ɗaya da 'yar wuƙa da guntuwar waya da robar tsohon tiyub nake yi masa kowane irin magani. In ya faɗi kuwa, da hannu ɗaya nake ɗaga shi, in kaɗe masa ƙasa, in zage shi, mu ci gaba.

To, da mulkin farar hula ya dawo ya zauna da gindinsa, aka ƙaddamar da shari'a, siyasa ta shiga kowane zaure, sai wasu suka fara zuwa gidana. "Malam, kai ne ka dace da kansilan mazaɓarmu. Babu gonar da ba ka taka ba, babu gidan da ba ka sha fura ba. Jama'a na bayanka." Sai yanzu da na tsufa na gane cewa masu ce maka jama'a na bayanka yawanci mutum biyar ne, juyawa kawai suke yi, yau su zo da safe gobe su zo da yamma. A lokacin kuwa kaina ya kumbura. Na rubuta takarda na ajiye aikin da nake ci da iyalina da shi, na ce takara zan yi.

Ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ne ya kalli Sauro wata rana ya girgiza kai. "Honorabul," tun kafin zaɓe sun fara kirana haka, "wannan abin hawa ba na shugaba ba ne. Mutum da kamanninsa ake zaɓensa." Maganar ta zauna mini. Na sayar da shanun nomana biyu, na miƙa wa wani bakanike a Rano Sauro ba tare da na waiwaye shi ba, na tafi Kano wurin masu kawo kaya daga Kwatano. A can na ga abin da ya ɗauke mini hankali.

Babur ne irin na masu keta ƙasashe, baƙi wuluk, tankinsa kamar randa, gabansa da gilashin tare iska, gefe da gefe ga akwatunan ƙarfe. Maimakon agogon gudu mai allura, wani ɗan allo ne da shi mai haske kamar na waya, yana gaya maka zafin gari da sauran man da ya rage da abubuwan da ba ka tambaye shi ba. Maɓalli ɗaya za ka danna ya tashi, da wani gurnani mai nauyi da kake ji a ƙirjinka. Ranar da na shigo Rano da shi, mai shayin bakin tasha ya ce, "Wannan ai bajimi ne." Sunan ya bi shi.

Shi ma ba zan zalunce shi ba. A kan kwalta ban taɓa hawan abu mai daɗinsa ba. Rami ya zo ya wuce ba ka ji ba, birki ka taɓa kaɗan ya tsaya cak, iska ba ta dukan fuskarka, babu hayaƙi, babu warin baƙin mai a riga. Na je Kano na dawo bayana bai ce komai ba. Sai dai yana da tsirfa irin ta ɗan masu kuɗi. Man 'yan bumburutu ba ya sha, in ka ba shi sai ya yi ta tari. In ka manta ba ka ɗage ƙafar jingina ba ka sa giya, sai ya kashe kansa don ya koya maka hankali. Ga kuma jiniyar ɓarayi, wadda ko akuya ta goga jikinta sai ta tara unguwa.

Maiɗakina ta fito ƙofar gida ta zagaya shi sau biyu, ta duƙa ta leƙa gefen dama.

"Malam, ina kik ɗinsa?"

"Wannan ba ya buƙatar kik," na ce, ina murmushin wanda ya waye.

"To ranar da ya ƙi tashi, me za ka buga?"

Na ce mata ta bar maganar inji ga masu inji. Ta ce to, Allah ya sa alheri, ta koma ciki.

Abokin takarata a jam'iyya wani tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, mutum mai sanyin magana, ya girme ni da kusan shekara goma. Gidansa yana wani ɗan ƙauye tsakanin Rano da Fammar. Keke yake hawa tun da na san shi. Ana cikin yaƙin neman zaɓe sai labari ya iso mini cewa ya je wurin bakaniken nan ya sayi Sauro. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ranar kasuwar Kibiya na tsaya a kan benci, Bajimi na gefena yana sheƙi, na ce wa jama'a, "Ku duba da kyau. Ga mai tafiya da zamani, ga kuma mai hawan abin da na yar. Wanda ya gaji tsohon baburina, ƙurata ma zai gada!" Aka yi shewa. Da aka kai masa maganar, abin da ya ce kawai shi ne, "Ku gaya masa na gode, ya hore shi da kyau."

Zaɓen fidda gwani na mazaɓarmu 'yar tinƙe aka ce za a yi, wato kowane ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa a ƙirga. An sa filin makarantar firamare ta Fammar, ƙarfe goma na safe, kuma an ja mana kunne: duk wanda aka fara ba ya wurin, an ɗauka ya janye.

Ranar Asabar ɗin, ruwa ya sauka tun asuba bai ɗauke ba sai da hantsi ya kusa. Maiɗakina da sauran mutanena suka shiga mota suka bi doguwar hanya tun da wuri. Ni kuwa da gangan na tsaya, domin na tsara yadda zan shiga filin: sai kowa ya hallara, sai a ji gurnanin Bajimi, sai a gan ni cikin farar shadda mai aiki, hula ta zauna daidai. Na tsaya gaban madubi na gyara hular nan ya fi sau goma. Da na duba agogo sai na ga lokaci ya ci ni. Ban damu ba. Na san wata hanyar yanke da ke bi ta burtali ta ƙetare wani ɗan rafi ta ɓulle bayan makarantar. Ni da Sauro mun bi ta ba adadi, rani da damina.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, ni ne na san hanyar, Bajimi bai san ta ba.

Tun a cikin burtalin na fara jin bambanci. Inda Sauro ke tsalle ya wuce, Bajimi sai ya nutsa ya yi ta rawar ƙugu. Na riƙe shi da ƙarfi ina salati har muka iso rafin. Ruwan bai kai gwiwa ba, jajawur da shi, ga laka a gaɓa. Na tuna yadda nake yi da Sauro: ka ba shi wuta, ka miƙe tsaye, ka bar tayar baya ta yi ta haƙa har ta kama ƙasa. Na shiga, na murɗa wuta. Ashe Bajimi yana da wata na'ura a cikinsa wadda da ta ji taya na santsi sai ta rage wuta da kanta, wai don ta kare mai shi. Ina murɗawa tana ragewa, ina ƙarawa tana hanawa. Muka tsaya a tsakiyar rafi muna gardama, ni da kwamfuta. Na sauke ƙafa in dafa ƙasa, ƙafar ta tafi cikin laka ba ta sami komai ba. A hankali, cikin natsuwa, kamar raƙumi zai durƙusa, Bajimi ya kwanta, ya tafi da ni.

Da na ɗago kaina daga ruwa, abu na farko da na gani hulata ce tana tafiya Kibiya ba tare da ni ba. Farar shaddar nan ta koma kalar kunun kanwa, hannunta ɗaya ya yage har ƙasa. Bajimi ya kashe kansa, allon nan nasa ya cika da 'yan hotuna ja da rawaya da ban san ma'anar ko ɗaya ba. Na kama shi zan ɗaga. Jama'a, kamar na kama katangar masallaci. Na juya baya na sa ƙugu, na yi nishi har na ga taurari da rana, ko motsi bai yi ba. Sai jiniyar ɓarayin ta ɗauka, tana shaida wa duk tsuntsayen fadamar cewa ana sace shi.

Wata dattijuwar Bafulatana ta zo ƙetarewa da ƙwaryar nono a kanta. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi Bajimi yana kuka a kwance.

"Sannu, Malam. Naggen naka ne ya faɗi?"

Na ce, "Shi ne, Inna."

"Ayya. In saniya ta kwanta a laka, mutum ɗaya ba ya tayar da ita. Ka nemo maza." Ta tattare zaninta ta wuce abinta, ko digon nono bai zuba ba.

Na ciro waya, ta sha ruwa ta mutu. Na duba agogo, saura kamar minti ashirin. Na zauna a gaɓa ina rawar sanyi, na fara lissafin abin da na yi wa kaina: aiki na ajiye, shanu na sayar, ga shi za a ce na janye saboda tsoro. A nan ne na jiyo shi, can nesa, siriri, yana tahowa ta cikin dawa.

Ko a cikin babura dubu ba zan kasa gane kukan Sauro ba. Wallahi sai da na yi addu'ar Allah ya sa kunnena ne. Na dubi gonar dawar da ke gefena na yi tunanin in shige in kwanta, sai dai ina zan kai Bajimi da jiniyarsa? Ina nan tsaye kamar gunkin laka, sai ga Hedimasta ya ɓullo, da 'yar shuɗiyar kaftani da hular kwano, an ɗaure wani ƙunshi a kariyar bayan babur ɗin, an manna hotonsa a tankin da na yi shekaru ina gogewa.

Ya tsaya ya yi sallama. Na amsa da muryar da ba tawa ba. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, kuma har gobe ina girmama shi saboda bai yi dariya ba, ko da yake na ga gemunsa na rawa.

"Malamin gona, ka ji ciwo?"

"A'a, Malam."

"To alhamdulillahi. Zo mu ɗaga shi kada ruwa ya cika masa ciki."

Ya naɗe wandonsa ya shigo. Mu biyu, da "ya Allahu" da "ya Rabbi", muka samu muka miƙar da shi muka jingina da gaɓa. Na danna maɓalli. Ya ce ƙyat-ƙyat-ƙyat, ya yi shiru. Na sake, ya sake. Ban san lokacin da ƙafata ta dama ta ɗaga da kanta tana laluben kik ba, ta yi ta shurin iska. Hedimasta ya kawar da kai yana kallon sama kamar mai duba hadari.

"Bar shi nan, babu ɓarawon da zai iya ɗaukarsa," ya ce. "Zo mu tafi, lokaci ya ƙure."

Na tsaya ina kallonsa. Na ce, "Malam, ka san fa in ka bar ni a nan ka ci zaɓe babu hamayya."

"Na sani. Amma shekara talatin ina dukan yara a kan satar amsa, ba zan zo da furfurata in ci jarrabawar da ni kaɗai na zauna ba. Cire rigar nan, za ta sa maka ciwon haƙarƙari."

Na tuɓe shaddar da 'yar cikinta, duk sun zama tsumma. Ya kwance ƙunshinsa. Babu komai a ciki sai rigunan kamfen, farare, kowace da fuskarsa a gaba tana murmushi, a ƙasa an rubuta Sai Hedimasta. Na ce, "Haba Malam!" Ya ce, "Ita kaɗai gare ni. Sa, in mun kusa sai ka san dabara." Sanyi ba ya jin kunya. Na sa.

Sai ya miƙo mini kan babur ɗin. "Kai ka fi ni sanin halinsa a ruwa. Ni kullum sauka nake in tura. Ja mu."

Ba zan iya kwatanta abin da na ji ba da na ɗora hannuna a kan Sauro. Robar hannun dama har yanzu da lotsawar babban yatsana. Wayar da na ɗaure salansa da ita tana nan. Muka shiga rafin, na miƙe tsaye na ba shi wuta, ya yi ta ihu yana watsa laka, yana haƙa, yana tsalle, har muka haye. Muna hayewa ya yi tari biyu ya mutu. Hedimasta ya ce, "Innalillahi." Ni kuwa ko gezau. Na sa hannu ƙarƙashin wurin zama, sifanata na nan inda na bar ta. Na kwance filogi, na goge shi da gefen rigar, daidai kan kunnen Hedimasta na hoto, na hura, na mayar. Na buga kik. Ya rama, ya dake ni a ƙwauri, daidai tsohon wurin. Hawaye ya zo mini, kuma har yau ban tantance na zafi ne ko na kunya ba. Bugu na biyu ya tashi.

Muka kama hanya, ni a gaba, abokin takarata a baya ya riƙe ƙuguna. Niyyata in tsaya bayan makaranta in juya rigar, in bar shi ya shiga shi kaɗai, ni in zagayo da ƙafa. Na manta da wani hali na Sauro: in birkinsa ya sha ruwa, sai ya ga dama yake kamawa. Na taka, babu. Na matsa na hannu, babu. Ga gangara. Haka muka faɗa filin makarantar Fammar da gudu, cikin hayaƙi, a gaban mutanen mazaɓa kaf, maza a gefe, mata a gefe.

Ku tsaya ku ga abin da suka gani. Ɗan takara, kai babu hula, sanye da rigar abokin hamayyarsa, ya ɗauko shi a babur kamar ɗan acaɓarsa. Kuma da yake birki ya ƙi, sai da na zagaya filin nan gaba ɗaya kafin gudun ya ragu, Hedimasta a baya yana ɗaga hannu yana cewa a kauce, mutane suka ɗauka gaisuwa yake. Wani maroƙi ya cire hula ya kwarma ihu: "Ya janye! Malamin gona ya bi! Girma ya bi girma!" Mata suka rangaɗa guɗa. Kafin in sa ƙafa in ja ƙasa mu tsaya, mutanen da suka taru a ɓangarena sun kwashe a guje sun koma nasa, kowa na tsoron a bar shi a layin da babu mai shi.

Ina ta ihu, "Ban janye ba! Ban janye ba!" amma wa zai ji? Wasu ma rungume ni suke suna cewa Allah ya yi mini albarka, na kashe wutar gaba. Takaici ya sa na fizge rigar na yar. Sai ga ni tsirara daga cibiya zuwa sama, laka har wuya, a gaban matan mutane. Wani dattijon malami da ke zaune a inuwar darbejiya ya ɗaga sandarsa. "Subhanallahi! Kai, rufe jikinka! A ƙasar shari'a?" Na duƙa na tsince ta na juya bayanta na mayar. Rigar kamfen kuwa kun san ba ta da kauri. Fuskar Hedimasta ta ci gaba da murmushi ta ciki.

Shi ne dai ya sake cetona. Ya hau benci ya ɗaga hannu, da muryar nan da ya saba tsayar da yara a layin safe, fili ya yi tsit. Ya ce, "Jama'a, malamin gona bai janye ba. Abin hawansa ne ya sami matsala na rage masa hanya, ko in ce shi ya rage mini. Duk wanda ya zo dominsa ya koma bayansa. Amana ce."

Wasu suka dawo, suna sosa ƙeya. Da yawa ba su dawo ba. Cikin mutum biyar ɗin nan masu cewa jama'a na bayana, biyu na hango a layinsa, daga baya suka ce wai kunya ce ta hana su sauya layi sau biyu a rana ɗaya. Na waiwaya na dubi nawa layin, na gan shi har ƙarshensa ba tare da na yi ɗage ba. A ɓangaren mata kuwa maiɗakina ce a gaba riƙe da hotona, ba ta gusa ko taku ɗaya ba tun farkon hargitsin, kuma matan da ke bayanta sun fi mazan da ke bayana yawa. Aka ƙirga. Na faɗi, faɗuwa mai tsabta wadda babu inda za a kai ƙara.

Na je na ba Hedimasta hannu, na ce, "Malam, maganar da na yi a kasuwar Kibiya, ka yafe ni." Ya ce, "Wace magana? Ni kunnena ya daɗe da lalacewa, kukan baburinka ne." Da na isa wurin maiɗakina na shirya jin abin da na cancanta. Ta dube ni, ta dubi ƙwaurina da ke jini, ta miƙo mini mayafin da ke kafaɗarta na biyu. Abin da ta ce kawai shi ne, "Na ga dai ka sami abin bugawa."

Bajimi sai da la'asar muka je da shanun wani manomi da igiya muka jawo shi, jiniya na tashi shanu na zabura, aka ɗora shi a amalanke zuwa bakin titi. Bakaniken Rano ya zagaya shi, hannuwansa a baya, bai ko taɓa shi ba. Ya ce, "Malam, wannan ba bakanike yake so ba, likita yake so." Haka aka loda shi a mota zuwa Kano, aka jona masa kwamfuta, ta ce ruwa ne ya shiga wani ɗan abu da bai kai ƙwayar dabino ba. Sai da na jira mako uku kafin a samo shi.

Ban rabu da Bajimi nan da nan ba. Na ƙara shekaru da shi, kuma duk tafiyar da ta shafi kwalta, shi ne sarki. Ya kai ni wurare masu nisa da Sauro ba zai kai ni ba sai dai a sauke ni a asibiti. Laifin ba nasa ba ne. An ƙera shi don mai ƙarfin ƙirji da abokan tafiya da bakaniken da ya san harshensa, ni kuma na saye shi don idon mutane na kai shi fadama. Na nemi Hedimasta ya sayar mini da Sauro, ya ce a'a, amma duk ranar da zan shiga daji in zo in ara. Na kuwa yi ta ara, domin noma na koma gadan-gadan, kuma shi da ya zama kansila, in maganar taki ko iri ta taso, ni yake aikowa a kira. Siyasa dai ban sake ba.

Abin da ranar nan ta koya mini bai tsaya a kan babur ba. Na gane cewa kafin mutum ya zaɓi abin hawa, hanyarsa ya kamata ya duba, ba masu kallonsa ba. Na kuma gane cewa bakin da ka yi wa mutum dariya da shi, da shi za ka ce masa na gode, kuma na biyun ya fi nauyin fita. Shi ya sa yanzu in matashi ya zo yana tambayata tsohon babur ya fi ko na zamani, ba na yi masa dogon bayani. Tambaya ɗaya nake yi masa: ranar da ya faɗi, za ka iya ɗaga shi kai kaɗai? In ya ce e, in ce saya. In ya ce a'a, in ce shi ma saya, amma ka gyara bakinka da duk wanda ke bin hanyar.